Ɗan Dogarin Daji

A Abuja wata al'ada ta shigo wadda har yanzu dattawa ba su gane kanta ba. Ran Asabar da sassafe, tun rana ba ta fito ba, sai a ga samari da 'yammata, har da waɗansu masu furfura, sun taru a gindin duwatsun Katampe, ko na Mpape, ko na Ushafa waɗanda ke kallon madatsar ruwan Usuma, kowa da gorar ruwansa da takalmin roba, sun tasam ma dutse da hawa. Ba itace za su yi ba, ba farauta ba, ba kuwa wata akuya ce ta ɓace musu ba. In sun kai ƙololuwa sai su zauna su mai da numfashi, su ɗauki hoto, su sauko, kowa ya kama gabansa.

Akwai wani dattijo Bakatsine a unguwar Garki wanda ya fi kowa yi wa wannan al'ada dariya. Ya kama aikin gwamnatin tarayya a Ikko cikin 1990, yana kuwa cikin ma'aikatan da aka kwaso zuwa Abuja sa'ad da gwamnati ta ƙaura a watan Disamba na 1991, watau ya ga garin tun yana jar ƙasa da katafila har ya zama abin da ya zama. Cewa ya kan yi ƙoshi ne ke damun mutane, gama Bahaushe ba ya ɗaura takalmi sai da dalili, ko kasuwa, ko zumunci, ko neman ilmi, ko gudun yunwa. Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani banki, yana cikin masu hawan dutsen nan, saboda haka kusan kowace Asabar sai an yi wannan magana a gidan, uban yana ba'a, ɗan yana murmushi yana kwance igiyar takalmi.

Da 2025 ta kama, dattijon ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya ajiye. Bai yi wata biyu a gida ba likita ya ce masa jininsa ya hau, in yana son kansa da lafiya ya rage gishiri, ya riƙa tattaki. Ran nan da dare sai ɗan ya zo ya durƙusa ya ce shi da abokansa biyu za su gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba cikin hutun Ista, tun da Jumma'a da Litinin duk ba aiki, ko Baba zai yarda a tafi tare. Ya miƙa masa waya ya nuna masa hotunan wurin: ga duwatsu, ga kogi, ga wani kurmi da hazo ya lulluɓe. Dattijon yana ta turawa da yatsa yana taɓe baki, har ya kai kan hoton wani ma'aikacin gandun, sanye da koren kaya, ya dafa wata bishiya da hannu ɗaya kamar mai dafa kafaɗar abokinsa. Ya daɗe a kan hoton nan. Sa'an nan ya mai da wayar, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Uwargidansa da ke gefe ta dube shi, ta dubi ɗan, ba ta ce kome ba.

Dalilin wannan amsa yana buƙatar a koma baya. Dattijon nan ɗan dogarin daji ne. An haife shi a wani ƙauye a bakin dajin Rugu, yamma da birnin Katsina, mahaifinsa kuwa tun zamanin En'e aikinsa ke nan, tsaron gandun daji: ya bi iyaka da keke, ya duba duwatsun shaida, ya hana sara da ƙuna. Amma tun ranar da yaron ya shiga makarantar kwana bai ƙara faɗin wannan ga kowa ba. In an tambaye shi aikin ubansa sai ya ce ma'aikacin En'e ne, ya yi shiru, mai tambaya ya ɗauka malamin haraji ne ko akawu. Ko 'ya'yansa da ya haifa abin da ya gaya musu ke nan.

Suka bar Abuja ran Alhamis da azahar, suka bi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, suka haye gadar Binuwai suka kwana a Makurɗi. Watan Afrilu ne, kogin ya janye, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiyarsa, amma duk da haka yana tafiya. Kashegari, 18 ga wata, suka yi sammako ta Wukari, suka sami Jumma'a a Bali, la'asar sakaliya suka shiga Serti, inda hedkwatar gandun ta ke. Nan aka rubuta sunayensu, suka biya kuɗin shiga, aka haɗa su da wanda zai yi musu jagora, domin ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Jagoran nan saurayi ne siriri, ɗan ƙasar, iyayensa Jibawa, yana jin Hausa da Fillanci kamar da su aka haife shi. Yanzu renja a ke ce musu, an ba su bindiga da na'urar da ke nuna wa mutum inda ya ke a doron ƙasa, amma dattijon na ganinsa ya san ko wane ne. Hatta yadda ya ke soke wando cikin takalmi bai sake ba.

Gandun Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen daji na ƙasa a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, watau ya tasam ma dukan Yankin Babban Birnin Tarayya, ya ratsa daga Taraba zuwa Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. An fara keɓe shi don namun daji cikin 1972, aka mai da shi gandun ƙasa cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi ya ke, wanda a ke kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, babu kamarsa a ƙasar nan. Ƙasar ma ba ta daɗe da zama Nijeriya ba. Jamusawa suka fara riƙe ta, har yanzu akwai kufan ganuwarsu a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka, bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingilishi, sai cikin 1961 mutanenta suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, aka sa mata suna Lardin Sardauna. Duk wannan dattijon ya san shi a takarda, don ya yi karatu. Ƙafarsa ce ba ta taɓa takawa ba.

Ran Asabar mota ta kai su ƙauyen Gashaka, daga nan kuma sai ƙafa. Hanyar da suka bi tsohuwar turba ce wadda fatake da makiyaya ke bi zuwa kan duwatsu tun kafin a san za a yi gandu, nufinsu kuwa su kwana a Kwano, wani tsohon zango inda masu binciken birai suka yi sansani. Matasa kan yi ta cikin sa'a uku. Da dattijo a cikinsu sai da suka yi biyar. Da fari daji ne irin wanda ɗan Arewa ya sani, ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ga toho ya fara fitowa saboda ruwan farko ya sauka, ga tsando yana cizo ta cikin riga. Can sai turbar ta gangara wani rafi, ƙasa ta yi sanyi, rana ta ɓace. Ya ɗaga kai don ya ga inda ta shiga, hularsa ta faɗi bai ga ƙarshen itatuwan ba. Waɗansu saiwoyinsu sun fito sun yi fiffike kamar na rimi, har mutum ya iya ɓuya a tsakaninsu, igiyoyi masu kaurin cinya sun sauko daga sama, birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da jela suna zaune a reshe suna kallonsu, ba su ko motsa ba. Ya so ya san sunan ko da bishiya ɗaya ce, bai sani ba. Shi da ya yi shekara talatin da biyar yana gyara wa mutane rubutu, ga shi ya zama kamar yaro a bakin allo ran farko.

Bayan sun haye rafi na biyu jagoran ya tsaya cik, ya ɗaga hannu. Ya ratse daga turba kamar taku goma, ya tsuguna, ya jawo wata waya daga cikin ganye. Tarko ne, an yi shi da wayar birkin babur, an ɗaure a jikin wani tsiro a kan hanyar da mazo da gada ke bi zuwa ruwa. Ya kwance shi a hankali, ya juya ƙullin yana dubawa, ya daɗe fiye da yadda aikin ke buƙata, kana ya naɗe ya sa a jaka, ya danna na'urarsa, ya rubuta wani abu a ɗan littafi. Samarin suka yi ta tambaya, shi kuwa ya ce, "Mu tafi, rana na yi." Daga nan har Kwano bai ƙara yin magana ba.

Da dare, bayan an yi sallar isha'i, samarin suka shige tanti saboda gajiya. Dattijon gwiwoyinsa sun hana shi barci, ya fito ya tarad da jagoran a bakin wuta yana dafa shayi. Suka zauna shiru. Can dattijon ya ce, "Samari, ka san mai tarkon nan."

Ba tambaya ya yi ba, jagoran ma bai ɗauke ta tambaya ba. Ya tsiyaya shayi ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, kowa da irin ƙullinsa. Wannan na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. A gidansa na yi wayo. Shi ya koya mini bin sawu, da abin da ya koya mini na sami aikin nan."

"Yanzu yaya za ka yi?"

"Na yi masa magana sau biyu, baki da baki. Na uku ba ni zan yi ba, na riga na rubuta." Ya tura wani itace cikin wuta. "Tun ranar da na sa kayan nan, in an yi nama a gidanmu ba a aiko mini. Ba faɗa a ke yi da ni ba, gaisuwa ma ana yi. Sai dai in na shigo zaure hira ta mutu."

Dattijon ya riƙe kofin har ya huce bai kai bakinsa ba, gama maganar ta mai da shi shekarar 1973, tsakiyar farin da ya cinye dabbobin Arewa, yana ɗan shekara takwas. Ciyawa ta ƙare, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. Maƙwabcinsu, wanda katanga ɗaya ta raba su, yana da shanun noma biyu, su ne dukiyarsa duka. Ya shiga gandu da dare ya sassabe rassan wata madobiya, don ganyenta abinci ne ga dabba, da ya ga bai isa ba sai ya kayar da ita gaba ɗaya. Dogarin daji ya bi sawu har ƙofar gida, ya karɓe gatarin, ya kai magana gaba. Aka ci mutumin tara, sai da ya sayar da sa ɗaya a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba kafin ya biya, ɗayan kuwa bai ga damina ba. Daga ranar matan unguwa suka daina shigowa ɗiban wuta. Da mahaifiyarsa ta haihu, mutanen da suka zo suna ba su cika tabarma biyu ba. Yara kuma suka laƙaba masa suna, ɗan ƙwace-gatari, suna binsa da shi har bakin makaranta. Ya tuna daren da ya ji mahaifiyarsa tana kuka tana cewa, don itace guda? Mahaifinsa bai amsa ba. Gatarin nan kuwa ba a zo an karɓa ba, shi ma bai mayar ba, ya rataye shi a zaure, kullum yaron ya shiga ko ya fita sai ya gan shi.

Ba daidai ba ne a ce mutanen ƙauyen nan jahilci ne ya sa su. Dokar gandun daji daga sama ta zo, Turawa suka kawo ta, aka shata iyaka a dajin da kakannin mutane ke kiwo da saran itace ba a tambaye su ba, kuma ba kowane dogari ne ya bar suna mai kyau ba, akwai waɗanda kaza ɗaya ke rufe musu ido. Wanda shanunsa ke mutuwa a gabansa, in aka ce masa ya bar bishiya saboda jikoki, ba shi da kunnen jin wannan, kuma babu mai gaskiyar da zai zarge shi. A Gashaka ma an san da haka, shi ya sa tun da aka keɓe dajin aka bar wa Fulani makiyaya da manoma waɗansu wurare a kan duwatsu, kamar Chappal Hendu, su zauna da shanunsu, ko da ya ke zaman ba ya rasa ƙorafi ta kowane gefe. Amma kuma an ga abin da ke faruwa in babu mai tsayawa. Cikin shekarun 2010 'yan kasuwa suka gano cewa ana sayen katakon madobiya da tsada a ƙasar Sin, nan Taraba har aka sa masa suna Madrid, manyan motoci suka yi ta fita da gungume dare da rana, sai da dazuzzukan da ke wajen gandu suka yi fayau, masu sara suka fara kutsowa ciki. Sai cikin 2017 dokar cinikin tsirrai da namun daji ta duniya ta sa wa itacen takunkumi. Akwai ma'aikatan gandun nan da aka kashe a bakin aikinsu. Shi kuwa dajin Rugu, da aka daina bin iyakarsa, bai koma hannun talakawan da a ke tausaya wa ba. Masu gawayi da masu katako suka fara ci, daga baya 'yan bindiga suka mai da shi mafaka, har ƙauyen da aka haifi dattijon ya tashi.

Ran Lahadi tun da asuba jagoran ya tashe su, ya ce in ana son a ji biri mai ganga sai a hau tudu kafin gari ya waye sosai. An yi yayyafi cikin dare. Suka kama hawa a jere, jagoran a gaba, samarin a tsakiya, dattijon a baya da sandarsa, ɗansa yana waiwayensa. Ba su yi rabin sa'a ba sai hazo ya taso daga kwari.

Hausa kalma ɗaya gare ta ga abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Hazon da Bakatsine ya sani na hunturu ne, ƙura ce daga hamada, mai fasa leɓe da dunduniya, mai sa tari, mai hana jirgin sama sauka Kano. Wannan kuwa ruwa ne ke tafiya da ƙafarsa. Iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika tana ɗauke da laima, ta ratso kurmin kudu, in ta iso duwatsun nan sai su tilasta mata hawa, tana hawa tana sanyi, har ta kasa riƙe abin da ta ɗauko. Saboda haka ruwan da ke sauka a Kwano a shekara ya kan kusa milimita 2,000, kusan ninki uku na abin da birnin Katsina ke samu. Dattijon ya ji shi a fuska kamar an shafa masa jiƙaƙƙen ƙyalle. Gilashin idonsa ya yi raɓa. Ya tsaya ya cire shi ya goge da bakin riga, ya ɗan jingina da wata bishiya don zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ya ce a ransa minti ɗaya kawai. Da ya mai da gilashin babu kowa a gabansa. Babu ɗansa, babu turba, babu ko bishiyar da ke taku biyar daga inda ya ke, sai fari fat ta ko'ina.

Ya yi kira. Muryarsa ta fita ta faɗi nan kusa kamar an rufe ta da bargo. Ya ji kamar an amsa daga hagu, ya yi taku uku, sai ya ji kamar daga dama ne, ƙafarsa kuma ta zame a kan gansakuka, duwatsu suka gangara ƙasa, ya daɗe yana jin ƙararsu kafin su tsaya. Nan tsoro ya kama shi, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko a hanyar Kaduna. Ya tuna maganin hawan jininsa yana cikin jakar da ɗansa ya goya. Ya tuna bai gaya wa uwargida inda takardun gida su ke ba. Jikinsa duk yana ce masa ya yi sauri ya bi su.

Sai wata magana ta faɗo masa, da muryar mai ita. Sau ɗaya tak ya taɓa bin mahaifinsa cikin gandu, kafin shekarar fari, a kan bayan keke. Ranar mahaifin ya yi ta nuna masa itatuwa yana kiran sunansu kamar mai gabatar da dangi, wannan madaci, wannan ƙirya, wannan maje, wannan kaɗanya, wannan ba a sa ta a wuta, wannan ɓawonta na ciwon ciki. Da za su juyo ya tsugunar da shi a gindin wata tsamiya ya ce masa, in ka ɓace a daji kada ka nemi hanya, ka nemi bishiya ka zauna, mai nemanka ya san inda ya bar ka. Shekara hamsin da 'yan kai bai tuna da wannan ba. Ya lallaɓa da baya har ya taɓa bishiyar da ya jingina da ita ɗazu, ya zauna tsakanin saiwoyinta, ya ɗora sandar a cinya, ya kama salati.

Da ya natsu sai ya fara ji. Ba ruwa a ke yi ba, amma ko'ina ɗiga ya ke. Hazon yana ratsa ganye, ganyen yana tatse shi, ɗigo yana haɗuwa da ɗigo ya gangaro ta reshe, ta jikin bishiya, ta cikin gansakuka, ya shige ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa. Ya sa hannu ya tona kaɗan, ƙasar baƙa ce, jiƙe sharkaf, tana ƙanshi. A ƙarƙashin tudun yana jin wani ɗan rafi yana magana. Rafin nan zai faɗa wani, wancan ya faɗa kogin Taraba, Taraba ta faɗa Binuwai, watau wani kaso na ruwan da ya gani yana tafiya tsakanin yashi a gadar Makurɗi, a ƙarshen rani, daga irin wannan gindin bishiya ya fito. Da a ce an sare tudun nan, ruwan zai sauko rana ɗaya da laka, ya wuce, rani ya tarad da rafin a bushe. Ya sha karanta haka cikin takardun ofis, ya sa hannu ya tura gaba. Yau ga shi yana ɗiga masa a wuya.

Sa'an nan ya ji gangar. Daga can ƙetaren kwari aka fara, wani kuka mai hawa sama-sama har ya zama ihu, sai kuma dum, dum-dum, dum, mai zurfi, har ya ji shi a ƙirji. Biri mai ganga ke nan, babban birin nan mara jela wanda ya fi kowace dabba kama da mutum, yana dukan fiffiken saiwa da hannu da ƙafa don ya sanar da 'yan'uwansa inda ya ke. Irin na wannan yanki ba a samunsa ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru, Gashaka kuwa na cikin manyan wuraren da ya rage. Masu bincike sun tarar yana gyara tsinke ya zura a rami ya ɗebo zuma, ko ya kamo kwarkwasa. Mutane kan zo daga Turai su yi mako ba su ji shi ba. Wani ya amsa daga wani tudun, sa'an nan shiru.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba, daga baya aka ce masa bai kai minti ashirin ba. Abin da ya fara gani shi ne takalmi, da wando a soke a ciki, kana sauran mutumin ya fito daga cikin farin. Jagoran ya tsuguna a gabansa, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Sannu, Alhaji. Da ka bi muryarmu da ka faɗa kwari, nan gaba kaɗan ramin ya ke. Wa ya koya maka zama?"

Ɗan ya iso a guje yana haki, idonsa ya yi ja, yana cewa, "Baba, ka yafe mini, na ɗauka kana bayana." Dattijon ya karɓi ƙwayar maganinsa ya haɗiya da ruwan gora. Ya dubi jagoran, ya dubi ɗan, ya ce, "Mahaifina ya koya mini. Irin aikinka ya yi. Dogarin daji ne, a Rugu, shekara ashirin da wani abu." Ya faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda ya yi nufi, kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

Jagoran ya cire hularsa ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Ɗan kuwa ya sunkuyar da kai, yana wasa da igiyar jaka, ya ce, "Ai na sani, Baba. Gwaggo ta gaya mana tun muna yara. Ta ce kada mu tayar maka da maganar."

Wajen hantsi hazon ya fara yagewa, duwatsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, kore shar, har can inda jagoran ya nuna da baki ya ce Gangirwal na bayan waɗancan, tafiyar kwanaki ce. Ba su ga birin ba, sai sheƙar da ya kwana a ciki a kan wata bishiya, rassa a tanƙware kamar an fara saƙar kwando. Suka juyo. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, sai da aka nemo wa dattijon babur a kusa da ƙauyen Gashaka. Da za su rabu a Serti ya ciro kuɗi ya ba jagoran, ya kuma riƙe hannunsa ya ce, "In ka koma, ka je ka gai da kawunka. Ko bai amsa ba ka je. Mahaifina bai je ba." Jagoran ya ce to, amma bai ce zai je ba.

Suka kwana Makurɗi ran Litinin, suka shigo Abuja ran Talata da hantsi, ɗan ya wuce banki ko wanka bai yi ba. Dattijon ya yi kwana biyu ba ya iya sauka daga gado sai da dafa bango. Ran Alhamis da dare ya kira yayarsa, wadda ke zaune a birnin Katsina tun da suka baro ƙauye. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki ya yi ta kewaye-kewaye, sa'an nan ya ce, "Yaya, kayan aikin Baba fa, akwai abin da ya rage?"

Ta ce rigar gara ta cinye tun tuni, keken kuwa an bar shi can, daren da suka gudu ba wanda ya tsaya ɗaukar keke.

"To, gatarin nan na zaure?"

Ta yi shiru, har ya ɗauka layin ya yanke. Sa'an nan ta ce, "Yana nan wurina, da shi na ke faskare. An sake masa ƙota sau uku. Me za ka yi da shi?"

Ya tambaye ta ko cikin 'ya'yan maƙwabcin nan akwai wanda ke da rai. Ta ce akwai ɗaya, autansu, yana sayar da rake a bakin tasha, jiya ma ta gan shi.